Ƙin Ɗaukar Lodi: Abin da Direban Motar Kamfani Ya Kamata Ya Sani a Mubi

Direban da ke jan motar kamfani ba shi ke zaɓar kayan da zai ɗauka ba, ba kuma shi ke zaɓar garin da zai nufa ba. Wannan aikin mai rabon lodi ne, wato wanda aka ɗora wa nauyin haɗa mota da kaya da direba. A manyan kamfanoni jami'i ne mai ofis da kwamfuta da na'urar bibiyar motoci. A wurin Alhaji mai tirela shida ko bakwai kuwa, sau da yawa ƙaninsa ne ko babban yaronsa, yana yawo tsakanin tasha da gareji da wayoyi biyu a aljihu. Ko wanne ne daga cikinsu, maganarsa maganar maigida ce, kuma wanda ya ƙi ta zai gani a ƙwaryarsa. Nauyin abin da zai biyo baya ya rataya ne a kan dalilin da direba ya bayar, da lokacin da ya bayar da shi, da kuma shaidar da ta rage bayan an rabu.

A Mubi wannan magana ba ta yankewa, saboda irin kayan da ke fita da irin hanyoyin da suke bi. Kasuwar shanun garin tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa maso Gabas, kuma dabbobi suna shigo mata har daga Kamaru da Chadi kafin a loda su zuwa Kudu. Masara da dawa da wake da gyaɗa suna taruwa daga yankunan Hong da Maiha da Michika. Siminti da taki da man fetur da kayan masarufi kuma shigowa suke yi. Hanyar Yola, mai tsawon kimanin kilomita 200, ta bi ta Hong da Gombi da Song. Daga Gombi wata ta ɓalle zuwa Garkida da Biu. Ta arewa ta bi Michika da Madagali da Gwoza da Bama zuwa Maiduguri, kuma tun bayan da Boko Haram ta mamaye Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, aka ƙwato garin a Nuwamba, babu direban da ke ambaton wannan hanyar ba tare da ya tambayi halin da take ciki a ranar ba. Ta gabas kuwa iyakar Kamaru ce, ta Sahuda ko ta Belel. Kowace cikinsu tana da nata dalilin da zai sa direba ya noƙe.

Wajibi ne a fara bambanta direbobi. Wanda motarsa ce ta kansa yana iya ƙin lodi yadda ya ga dama, iyakar hasararsa layinsa a tasha da ɓacin ran ɗan kamasho. Wanda ke jan motar wani bisa yarjejeniyar kawo wani adadi bayan kowane sahu yana da ɗan sarari, domin abin da mai mota ke dubawa shi ne kuɗin da suka shigo. Direban kamfani mai albashi shi ne ba shi da wannan sararin: an ɗauke shi ne don ya kai abin da aka ba shi inda aka ce, kuma a kansa wannan bayani ya fi tsayawa.

Hukuncin da ba a rubutawa

Mafi yawan abin da ke samun direban da ya ƙi lodi ba ya shiga takarda. Na farko shi ne mayar da shi ƙarshen layi. Inda motoci suka fi lodi yawa, wannan na iya zama zaman kwanaki a gareji, kuma zaman ba ƙaramin abu ba ne, domin albashin wata ba shi ne ginshiƙin samun direban babbar mota ba. Abin da ke riƙe gidansa shi ne alawus na kowane sahu, da abin da ya iya tsimi daga kuɗin hanya, da ɗan ihsanin da mai kaya ke yi idan kaya sun isa lafiya. Motar da ke tsaye ba ta kawo ko ɗaya. Yaron mota, wanda cinsa da shansa suna wuyan direba, shi ma ya shiga cikin hukuncin ba tare da ya yi laifin komai ba.

Daga nan sai zaɓen lodi. Mai rabo ya san sahun da ke da maiƙo da wanda ba shi da shi: wanda ake samun lodin dawowa a ƙarshensa, da wanda mota za ta dawo wayam, wanda ake sauke kaya ranar da aka isa, da wanda za a kwana uku a bakin sito ana jiran 'yan dako. Ba ya buƙatar ya yi faɗa da kowa. Ya isa ya riƙa tuna sunan direban duk lokacin da sahu marar daɗi ya taso. Mataki na gaba shi ne karɓe makulli a ba wani, a bar direban yana jiran tsohuwar motar da rabin rayuwarta a wurin bakanike take. A wannan sana'a karɓe makulli kusan sallama ce, ko da ba a furta kalmar ba.

Sai kuma suna. Harkar manyan motoci a Mubi ta mutanen da suka san juna ce. Masu motoci da 'yan kamasho da dillalan kara da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, NURTW da NARTO, suna haɗuwa a tasha da masallaci da wurin ɗaurin aure. Idan aka ce wane yana zaɓar lodi, maganar takan riga shi isa garejin da zai je neman aiki.

Kafin a ga zafin kamfani ya yi yawa, ya kamata a duba abin da ƙin lodi ke jawo masa. Shanu su ne misali mafi bayyana. Falke ya saye su ranar kasuwa, ya biya kuɗin shiga da na fita, ya ɗauki masu kula da su a hanya, ya kuma ƙididdige ranar da za su isa kasuwar Kudu. Idan mota ba ta tashi ba, ciyarwa da shayarwa sun hau kansa, dabbobi suna ramewa, kasuwar da ya nufa tana iya wucewa. Gobe ba zai sake kiran wannan kamfanin ba. Buhun masara yana iya jiran kwana biyu; sa ba ya jira. Shi ya sa ƙin lodin dabbobi a ranar lodi yake jawo fushin da ƙin lodin siminti ba ya jawowa.

Hukuncin da ke kan takarda

Kamfanin da ke da tsari yakan fara da takardar tuhuma, a ba direba wa'adi ya yi bayani a rubuce. Daga nan sai gargaɗi, ko dakatarwa, ko sallama. Kuskuren da direbobi suka fi yi shi ne ƙin amsa takardar don fushi ko don rashin iya rubutu. Takardar da ba a amsa ba takan zauna a fayil a matsayin laifin da aka amince da shi. Wanda bai iya rubutu ba sai ya nemi sakataren ƙungiya ko wani amintacce ya rubuta masa, a karanta masa ya ji kafin ya sa hannu, ya kuma riƙe kwafi.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta na 1974 ne, ta shafi direbobi. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki. Sashe na 11 ya ƙayyade mafi ƙarancin sanarwar da za a bayar kafin a raba gari: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sannan wata 1 ga wanda ya kai shekara 5. Ana iya biyan kuɗi a madadin sanarwar. Sai dai wannan sashen bai hana korar gaggawa ba idan ma'aikaci ya aikata babban laifi, kuma ƙin bin umarnin da yake halattacce, mai ma'ana, da gangan, yana cikin abubuwan da kotuna suka daɗe suna ɗauka a matsayin babban laifi. A nan ne dukan shari'ar take: shin umarnin halattacce ne? Umarnin a kai siminti Michika halattacce ne ko da direba ba ya son Michika. Umarnin a fita da motar da ba ta da birki ba halattacce ba ne, ko wa ya bayar da shi.

Batun yanke albashi yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan aka fi cutar direbobi. Sashe na 5 ya hana cire kuɗi daga albashi da sunan tara. Ya yarda a cire wani abu daidai gwargwado saboda hasarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, amma sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce tun kafin a cire, kuma jimillar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Manajan da ya ce an ci direba tarar rabin albashi saboda ya ƙi lodi ya saɓa wa wannan sashen. Alawus na sahun da ba a yi ba kuwa, wannan ba haƙƙin direba ba ne, babu abin nema a cikinsa.

Akwai kuma wanda ya tsaya wa direba lokacin ɗaukarsa aiki. Kamfanoni da yawa ba sa miƙa makullin mota mai tsada haka sai wani sananne ya sa hannu. Ƙin lodi kaɗai bai cika kaiwa ga wannan mutumin ba, tunda ba a ɓatar da dukiya ba, amma za a kira shi a faɗa masa, kuma kunyar hakan takan fi takardar gargaɗi ciwo.

Dalilan da ke tsayawa da waɗanda ba sa tsayawa

Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne lafiyar mota: birkin da iska ke zuba, tayar da ta cinye har waya ta fito, sifirin da ya karye, fitilun da ba sa kamawa. Tun 2007 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, take da tsarin da ya ɗora wa duk mai motocin haya 5 ko fiye nauyin kula da lafiyar motocinsa da naɗa jami'in da ke lura da kariya. Inda akwai wannan jami'in, wurinsa ya kamata ƙorafin ya je. Nijeriya kuma ta amince a 1994 da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce kada a hukunta ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da hujjar ganin akwai mummunan haɗari na kusa ga ransa ko lafiyarsa. A Amurka an fayyace abin ga direbobi kai tsaye: wata doka ta 1982 ta hana korar direban da ya ƙi tuƙin da ya saɓa wa ƙa'idar kariya, kuma tun 2016 tilasta masa yin hakan laifi ne a kan mai rabon lodi da mai kaya. A Nijeriya direba ya fi dogara ne ga hujjar da ya tanada da kansa.

Lodi fiye da ƙima shi ma dalili ne mai tsayawa. Ƙa'idar ECOWAS ta ƙayyade tan 11.5 a kan gatari ɗaya mai jan mota, amma a tasha buhu ake ƙirgawa, kuma mai kaya kullum yana da wasu 'yan buhuna da yake roƙon a ɗora. Haka nan ɗora mutane a saman kaya ko a saman shanu, abin da FRSC ta daɗe tana yaƙi da shi saboda yawan rayukan da ke salwanta idan tirela ta kife. Masu kula da dabbobi dole ne su bi motar. Fasinjojin da ɗan kamasho ya karɓi kuɗinsu ba dole ba ne.

A gari na bakin iyaka kamar Mubi, abin da ya fi jefa direba cikin bala'i shi ne kayan da ba su da takarda. Masara tana cikin jerin kayan da aka hana fitarwa daga Nijeriya. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, a 2024 kuma ta ƙaddamar da wani samame na musamman kan fasa-ƙwaurin mai wanda ya yi kame mai yawa a Adamawa. Ga kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da ke neman ƙwayoyi irin su tiramadol cikin kwalaye da buhuna. Idan aka tsayar da mota a shinge, mai rabon lodi yana ofishinsa, mai kaya ya kashe waya, wanda ke kan sitiyari shi ake saukewa. Direba yana da cikakken haƙƙin ya ga webil, wato takardar kaya, ya gwada abin da aka rubuta da abin da aka loda, ya ƙi duk ƙunshin da aka ce kada ya buɗe. Idan sahun na tsallaka iyaka ne, a tuna Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka katin inshorar ECOWAS ba ya aiki a can, sai na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuma tanadar wannan aikin kamfani ne.

Gajiya dalili ce ta gaskiya, ko da yake ita aka fi rainawa. Daga Mubi zuwa Anaca ta Numan da Jalingo da Wukari da Makurɗi ya haura kilomita 1,000. Gudun da ƙa'idar hanya ta yarda wa tirela shi ne kilomita 50 a awa a babbar hanya, wato fiye da awa 20 na tuƙi zalla, ban da shingaye da ramuka da kewaye irin wanda karyewar gadar Namnai, tsakanin Jalingo da Wukari, ta tilasta wa motoci a 2024. Wanda ya sauka daga irin wannan tafiya da asuba, aka ce ya juya da la'asar, yana da hujjar neman barci. Haka wanda zazzaɓi ya kama ko idonsa ya samu matsala, amma ya kawo takardar asibiti.

Tsaron hanya ya fi wuyar hukunci, domin tsoro ba ya da ma'auni. Abin da ke taimakon direba shi ne ya danganta maganarsa ga abin da kowa zai iya tabbatarwa: sojoji sun rufe hanyar Gwoza, ko ƙungiya ta ba da sanarwar a dakata, ko lissafin tafiya zai kai mota Kudu maso Gabas ranar Litinin, ranar da aka riƙa tilasta zaman gida a can tun Agustan 2021. A irin wannan hali ma ya fi kyau ya nemi a sauya ranar tashi ko hanya, maimakon ya ce ba zai je ba.

Dalilan da ba sa tsayawa sanannu ne: alawus ɗin sahun ya yi kaɗan, babu lodin dawowa, garin da nisa, salla ta matso, ko akwai jiƙaƙƙiya tsakaninsa da mai rabo. Waɗannan abin roƙo ne da neman alfarma. Abu ɗaya da ke kama da su amma ya bambanta shi ne man gas da bai isa ba. Idan litar da aka bayar ba za ta kai mota ba, wannan lissafi ne, a yi shi a kan takarda tun a gareji, domin wanda ya karɓa ya tafi, mai ya ƙare masa a Wukari, shi za a tuhuma da sayar da shi.

Yadda ake ƙin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Direban da ya dawo daga sahu ya ji birki yana wasa, a ranar zai rubuta a littafin gareji ko ya tura saƙo, ba sai an kira shi lodi ba. Ƙorafin da ya riga lodi zuwa hujja ne; wanda ya fito bayan an ambaci garin da direba ba ya so, ko gaskiya ne, za a ɗauke shi a matsayin dabara.

Idan lodin ya zo kuma akwai dalilin ƙi, a faɗa nan take, kafin 'yan dako su ɗora buhun farko ko a koro shanu bakin mota. A faɗa wa mai rabo shi kaɗai, cikin ladabin da aka saba yi wa na gaba, ba a tsakiyar tasha ba, domin wanda aka kunyata a gaban yaransa ba ya janye magana ko ya gane kuskurensa. Dalili ya zama guda, takamaimai: ba "motar ba lafiya" ba, a ce tayar baya ta hagu ta fashe a gefe. Bayan maganar baki a bi da saƙon waya ko na WhatsApp mai ɗauke da lambar mota da ranar da dalilin, da hoto idan abin na gani ne. A nemi bakaniken kamfani ya duba ya faɗi nasa. Sannan a kawo mafita: a canza taya a tashi da yamma, a rage buhuna, a ba shi wata mota, ko a ba shi sahun gobe. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a gaban duk wanda zai saurari maganar daga baya, domin yana nuna direban bai ƙi aiki ba, sharaɗin da ya gagara ne ya ƙi.

Da zarar direba ya sa hannu a webil, kaya sun zama amana a wuyansa, kuma hukuncin ya sauya gaba ɗaya. Ajiye mota da kaya a Gombi ko Numan a hau ƙaramar mota a koma gida saboda an yi cacar baki a waya ba ƙin lodi ba ne, yasar da dukiya ne. Yana kaiwa ga kora ba sanarwa, da bin wanda ya tsaya masa, da ƙara wurin 'yan sanda idan wani abu ya ɓata. Idan matsala ta taso a hanya, a kai mota wurin da manyan motoci ke kwana ko kusa da shingen jami'an tsaro, a sanar da kamfani a rubuce, a zauna tare da ita har wanda zai karɓa ya iso, a ƙirga kaya a gabansa, ya sa hannu.

Ƙin da ƙungiya ta yi a dunƙule daban yake da na mutum ɗaya. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. A irin wannan lokaci ba a tuhumar direba, tunda lodin ma ba ya fita. Amma direbobi uku ko huɗu da suka haɗa baki a gareji suka ajiye makullai ba tare da sanin ƙungiya ba, kamfani zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda aka sallama kuma yana ganin an zalunce shi, ya fara tattara takardar ɗaukar aiki, da shaidar biyan albashi, da takardar tuhuma da amsarta, da saƙonni da hotunan da ya tura. Matakin farko sulhu ne ta hannun shugabannin ƙungiya a tasha, kuma a nan mafi yawan irin wannan rigima ke mutuwa, sau da yawa da biyan ragowar albashi ko mayar da makulli. Idan bai yiwu ba, akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a Yola. Bayan shi sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'ar aiki, kuma tana da reshe a Yola. A hukunce-hukuncenta da dama ta nemi mai ɗaukar aiki ya nuna ingantaccen dalilin sallama, ya kuma nuna an ba ma'aikaci damar kare kansa. Abin da aka fi samu daga gare ta a shari'ar kamfani mai zaman kansa shi ne kuɗin sanarwa da haƙƙoƙin da aka riƙe, wani lokaci da diyya. Mayar da direba kan motarsa ba kasafai kotu ke yin umarni da shi ba.